Folda ɗaya ga malamai 16: littafin aikin haɗa kwamfutocin makarantarmu

Litinin, 6 ga Oktoba 2025

Shugaban makaranta ya sa hannu yau, ƙungiyar iyaye da malamai kuma ta ware mana naira 120,000. Aikin da aka ɗora mini shi ne in haɗa kwamfutocinmu da juna ta wayar kebul, tambayoyin jarrabawa su zauna wuri ɗaya: malami ya rubuta, shugaban sashe ya duba, jami'in jarrabawa ya buga, ba sai filash ya yi ta yawo daga wannan aljihu zuwa wancan ba. So nake a gama kafin jarrabawar zango na ɗaya, farkon Disamba.

Makarantar tamu sakandare ce ta jeka-ka-dawo a wani gari tsakanin Ringim da Gujungu. Kwamfutocin tebur 6 gare mu: 4 a ɗakin kwamfuta, 1 a ɗakin malamai, 1 a ofishin jarrabawa tare da firinta. Duka Windows 10 ne a kansu. Biyar suna da Word, ta shidan LibreOffice. Wutarmu sola ce, inbata ɗaya da batura biyu.

Abin da ya tunzura ni shi ne takardar Kimiyya ta JS2 a zangon da ya wuce. Malamin ya gyara tambayoyinsa, shugaban sashe ma ya gyara, amma kowa a kan kwafinsa ya yi, wanda ya isa firinta kuma na uku ne, wanda ba a taɓa ba. Sai da yara suka zauna aka ga akwai tambayar da babu amsarta a cikin zaɓin da aka bayar. Ga kuma bairos ɗin nan mai ɓoye fayiloli ya bar gunkinsu kawai, wanda duk filash ɗin da ya je shagon buga takardu sai ya dawo mana da shi.

An tambaye ni me zai hana mu yi da Google Docs, tunda shi mutane da yawa na iya rubutu a takarda ɗaya lokaci guda. Gaskiya ne, amma yana son intanet a tsaye, mu kuwa sabis sai an fita bakin ƙofa ana ɗaga waya sama. Turawa ta WhatsApp kuma ban yarda ba sam. Tambayar jarrabawa idan ta shiga wayar malami, wayar nan a gida take kwana, ƙanne da 'ya'ya duk suna taɓa ta.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na bi motar safe ta Gezawa, na sauka 'Yankaba, na wuce Titin Beirut. Ga abin da aka kashe: suwic, wato akwatin da wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa a cikinsa, mai rami 8, naira 22,000, waya Cat6 mita 100, naira 35,000, kawunan RJ45 guda 30, naira 3,000, filayar matse kai, 7,500, na'urar gwada waya, 6,000, ƙusoshin maƙala waya a bango, 2,000, mota da abinci, 7,000. Jimla 82,500. Saura 37,500.

A kan wayar aka fi jan magana. Mai shagon ya ɗauko iri biyu, ya fere kowacce, ya kankare silin ƙarfen da reza a gabana. Ɗaya ja ce har ciki, jan ƙarfe zalla. Ɗayar yana kankarewa sai fari ya bayyana, alminiyam ne aka lulluɓe da jan ƙarfe. Kuɗin ta farkon ya kusa ninka na ta biyun. Ya ce, “Malam, in nisan ba yawa wannan ma za ta kai ka, sai dai kar ka lanƙwasa ta da ƙarfi, karyewa take yi.” Ƙa'idar irin wannan waya ita ce kada zare ɗaya ya wuce mita 100, mu kuma mafi tsawonmu, daga ɗakin kwamfuta zuwa ofishin jarrabawa, mita 34 ne. Na ɗauki mai arhar, don aljihun ba zai ɗauki ɗayar ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Mun ja waya ta cikin silin, ni da kafinta da yara biyu 'yan SS3. Suwic na ɗakin kwamfuta, a kan ɗan katako da kafinta ya kafa can sama inda hannu ba ya kaiwa. Zuwa ɗakin malamai ya ci mita 22.

Matse kai shi ne aikin haƙuri. Sili 8 ne a cikin wayar, kuma dole su jeru iri ɗaya a kowane ɓangare: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Na rubuta jerin a allo, yaran suka haddace kafin la'asar. Ɗaya daga cikinsu hannunsa ya faɗa ƙwarai, duk kan da ya matse fitilun na'urar gwaji 8 ke kamawa bi da bi.

Yau ne kuma Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum. Kwamfutocinmu ba sa hawa intanet, saboda haka ƙofar da cuta za ta shigo mana ita ce filash. Ƙarin dalili ke nan na rufe wannan ƙofa.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Fitilun suwic duka na ƙiftawa, amma tun Laraba kwamfutocin suka ƙi ganin juna. Abu biyu ne suka haɗu.

Na farko, ba mu da rauta, saboda haka babu mai raba musu lambobin adireshi. Idan Windows bai sami mai ba shi lamba ba, da kansa yake ɗaukar wata mai farawa da 169.254, kuma ba lalle gobe ya sake ɗaukar ta jiya ba. Na ba kowacce lamba tsayayya da hannu, daga 192.168.10.1 zuwa 192.168.10.6, na rubuta a farin salatif na manna a goshin kowace kwamfuta. Ta ofishin jarrabawa ita ce 1, ita za ta riƙe foldar, mun sa mata suna uwa.

Na biyun ya fi cin rai, don ba ya nuna kansa. Layin da babu rauta a kai, Windows na ɗaukar sa layin da bai gane ba, sai ya lissafa shi cikin na bainar jama'a irin na otal ko tasha, ya rufe ƙofofin raba fayil don kariya. Sai da na shiga tsare-tsaren tsaro na kowace kwamfuta, na ce ta ɗauki irin wannan layi a matsayin na gida, sannan na kunna raba fayil da firinta. Daf da tafiya masallaci na rubuta lambar uwa a kwamfuta ta 4, foldar gwaji ta buɗe. Alhamdu lillahi.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ba a taɓa komai ba. Ana cirar gyaɗa, ana tashi kowa ya nufi gona.

Laraba, 22 ga Oktoba

Tsarin folda. Babbar sunanta Jarrabawa, a cikinta uku: Daftari, An Duba, Na Bugawa. A cikin Daftari kowane sashe da tasa.

Da farko na so kowane malami ya sami sunan shiga nasa, amma malamai 16 a kwamfuta 6 aiki ne da ba zan iya riƙewa ni kaɗai ba. Sai na yi na sashe-sashe: Harsuna, Kimiyya da Lissafi, Addini da Zamantakewa, Sana'o'i, sai na shugabannin sashe da na jami'in jarrabawa. Kowane suna na buɗe shi a duk kwamfutocin da kalmar sirri iri ɗaya, ta yadda malami na shiga Windows foldar sashensa za ta buɗe masa ba tare da an sake tambayarsa ba. Ɗalibai suna da nasu sunan dabam, wanda uwa ba ta san shi ba, ko sun ƙwanƙwasa ba za ta buɗe ba.

Wanda zai yi irin wannan aiki ya sani izini hawa biyu ne. Akwai na rabawa ta layi, akwai kuma na tsaron foldar kanta, kuma wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke aiki. Na buɗe na farkon, na yi tacewar a na biyun. Daftari, 'yan sashe na rubutu. An Duba, shugaban sashe da jami'in jarrabawa. Na Bugawa, jami'in jarrabawa kaɗai. Windows 10 na barin kwamfuta 20 su shiga foldar da aka raba a lokaci guda, mu ko rabin haka ba mu kai ba.

Dattijon malaminmu na Hausa ya saurari bayanin har ƙarshe, sannan ya ce, “Malam, ni fa filashina ya ishe ni, shekara nawa muna tare.” Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ka riƙe shi, amma ka ajiye mana kwafi ɗaya a folda mu gani zuwa ƙarshen wata.” Ya ce to.

Talata, 28 ga Oktoba

Cin karo na farko a kan fayil ɗaya, kuma shi ne ainihin darasin wannan aiki.

Malamai biyu ke koyar da Lissafi a SS1, takarda ɗaya za su fitar. Ɗaya ya buɗe fayil ɗin a ɗakin malamai. Ɗayan ya zo ɗakin kwamfuta ya buɗe shi, sai Word ya ce masa wani na riƙe da shi, ya ba shi zaɓi uku: ya buɗe don karatu kawai, ko ya yi kwafi a kwamfutarsa ya haɗa gyaran daga baya, ko a sanar da shi idan wancan ya saki. Ya ɗauki na biyu, ya rubuta tambayoyi 15, ya adana, ya tafi aji. Kwafin ya zauna a kwamfuta ta 3, babu wanda ya san da shi. Da rana ya buɗe na folda bai ga aikinsa ba, ya zo mini ransa a ɓace: “Malam, ai cewa ka yi dukanmu za mu iya aiki a kai.” Na ce za ku iya, amma ɗaya bayan ɗaya.

Haka abin yake, kuma gara kowa ya ji tun yanzu. Folda da aka raba ta waya rijiya ce mai guga ɗaya: kowa na iya leƙawa, amma mai guga a hannu shi ke ja. Rubutun mutum biyu a takarda ɗaya lokaci guda a Word sai fayil ɗin na kan OneDrive ko SharePoint, ma'ajiyun fayil na Microsoft, mu kuma ba mu da su. Kullewar nan ma alheri ce, don ba don ita ba wanda ya adana daga baya zai shafe aikin na farko.

Na nuna musu yadda Word ke gane mai riƙe da fayil. Da an buɗe takarda, yana ajiye wani ɗan mitsitsin ɓoyayyen fayil kusa da ita, sunansa na farawa da ~$, a ciki akwai sunan wanda ya buɗe. Da an rufe sai ya ɓace. Matsalarmu ita ce duk kwamfutocin suna ɗaya suke nunawa, wanda aka bari tun a shago, saboda haka saƙon ba ya gaya maka wurin wa za ka je. Na bi su ɗaya-ɗaya na canza sunan da ke cikin Word zuwa sashe da lambar kwamfuta, misali Kimiyya 3. Yanzu in ka ga an riƙe, ka san kujerar da za ka nufa.

Tambayoyin 15 ba su ɓata ba. Word na da hanyar haɗa takardu biyu ya nuna bambancinsu, da ita muka dawo da su. Sannan muka tsayar da doka a ɗakin malamai: darasin da mutum biyu ke koyarwa, kowa da fayil ɗinsa, SS1 Lissafi A da SS1 Lissafi B, shugaban sashe ya haɗa. In Word ya ce an riƙe, ka rufe ka jira, ko ka je ka yi magana. Kuma an hana sa wa fayil suna “na ƙarshe” ko “sabo”. Aji, darasi, shi ke nan.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Firinta ta hau layi, ana iya turo aiki daga ɗakin malamai. Fayiloli 19 a Daftari.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Wajen ƙarfe 11 inbata ta yi ƙara ta ɗauke, komai ya mutu lokaci ɗaya. Hita aka jona a ɗakin malamai don dafa shayi, sanyin safe ya fara shigowa. Malamar Turanci na tsakiyar rubuta tambayoyin JS3.

Da wuta ta dawo, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa don gyara, yana cewa Harsuna 2 na riƙe da shi, alhali kwamfuta ta 2 ba kowa a kanta. Ɗan fayil ɗin nan mai ~$ ne ya rage, tunda Word bai sami damar share shi ba. Kafin in taɓa shi na duba jerin fayilolin da ke buɗe a kan uwa, na tabbatar babu mai riƙe da shi da gaske, sannan na bayyana ɓoyayyun fayiloli na goge shi. Wannan dubawar ba a tsallake ta, don wani lokaci riƙon na gaske ne.

Saura aikin malamar. Ba ta adana ba tun da ta zauna. Word na ajiye kwafin ceto duk minti 10, amma a kan kwamfutar da aka yi rubutun yake ajiye shi, ba a cikin folda ba. Ta riga ta koma kwamfuta ta 4 tana nema, idonta ya kawo ruwa. Na ce, “Malama, dawo inda kika fara zama, ki shiga da sunan sashenku.” Tana buɗe Word ya miƙo mata kwafin. Tambayoyi 4 na ƙarshe ne kawai ta sake rubutawa. Na mayar da ajiyar ceton duk minti 3 a dukan kwamfutocin.

Mai wayarin ya cire soket ɗin bangon ɗakin malamai daga kan inbata, ya bar na kwamfuta kawai. Naira 2,500. Saura 35,000.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Malamin Hausa ya cika alkawari, ya kawo tambayoyinsa daga tsohuwar laftof ɗinsa. Muna buɗewa a kwamfuta ta 1 sai ga “}asa” a wurin ƙasa, “]aya” a wurin ɗaya, “~arawo” a wurin ɓarawo. Ya dube ni ya ce, “Ka gani ko?”

Fayil ɗin lafiyarsa lau. Da salon rubutun Rabi'at ya rubuta, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar tun lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, kuma ya yi wa masu rubutun Hausa babban amfani. Dabararsa ita ce ya ari gurbin wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba ya zana ƙ da ɗ da ɓ a kai. Kwamfutar da ke da salon za ta nuna harafin, wadda ba ta da shi za ta nuna alamar asali. Muddin takarda na kwamfuta ɗaya ba a ganin komai, sai ta fara zagaya.

Ana iya sa salon a duk kwamfutocin a wuce wurin, amma na fi son a yi maganin abin daga tushe, tunda yanzu haruffan na da gurbinsu na kansu a Unicode, tsarin lambobin haruffa na duniya, kuma Times New Roman da Arial na Windows 10 duk suna ɗauke da su. Muka zauna tare muka yi nema-da-musanya sau shida: } zuwa ƙ, { zuwa Ƙ, ] zuwa ɗ, [ zuwa Ɗ, ~ zuwa ɓ, | zuwa Ɓ. Akwai tarko ɗaya. A wasu wurare wani ya taya shi sa makin tambaya cikin baka mai kusurwa da wani salon dabam, in aka yi musanya kai tsaye su ma za su koma Ɗ da ɗ. Su muka fara mayarwa baka mai zagaye.

Na kunna madannan Hausa da ke zuwa cikin Windows a duk kwamfutocin. Na kuma manna 'yar takarda a bango saboda wanda ya maƙale: a Word, rubuta 0199 ka danna Alt da X ka sami ƙ, 0257 ɗ, 0253 ɓ. Malam ya kwafe lambobin a bayan rajistarsa.

Talata, 11 ga Nuwamba

Ranar da ta fi kowacce nauyi. Wani malami ya ga foldar JS2 ta sashensu a kwamfuta ta 3, ya zaci kwafi ce da ta rage a nan, ya goge don kada yara su gani. Niyyarsa mai kyau ce. Amma wadda ke kan uwa ce, kuma abin da aka goge ta layi ba ya faɗawa kwandon shara, na wannan kwamfuta ko na waccan. Tafiya yake yi kai tsaye. Takardu 5.

Abin da ya cece mu shi ne jami'in jarrabawa ya kwashe komai a filash ɗin ofis ranar Juma'a. Uku sun dawo yadda suke, biyu sun rasa gyaran Litinin, masu su suka sake zama. Shugaban makaranta ya kira ni ya ce, “Yanzu da babu filash ɗin nan fa?” Na ce, “Ranka ya daɗe, da mun sake rubutawa daga farko. A ba ni izini in sayi ma'ajiya ta biyu da kuɗin da ya rage.” Ya bayar.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na gwada cire wa malamai izinin gogewa a Daftari, a bar musu na rubutu kawai. Bai yiwu ba, kuma dalilin ya cancanci a rubuta shi. Idan Word zai adana, ba a kan tsohon fayil yake rubutawa ba. Sabo yake yi na wucin gadi, ya kawar da tsohon, ya sa wa sabon sunansa. Wanda ba shi da izinin gogewa ba zai iya wannan ba, sai adanawa ta ƙi, tarkacen fayilolin wucin gadi su taru a folda. Na mayar da izinin yadda yake. Abin da na iya karewa shi ne manyan foldojin kansu, su ba mai iya goge su sai jami'in jarrabawa.

Direban da ke zuwa Kano ya taho mini da ma'ajiyar waje, ta hannu ce, gigabait 500, naira 26,000. Na jona ta a uwa, na kunna tsarin tarihin fayil na Windows, na ƙara masa foldar Jarrabawa. Duk awa yana ɗaukar kwafin abin da ya canza, ana iya komawa a ɗauko na jiya ko na shekaranjiya. Na goge fayil ɗin gwaji da gangan na dawo da shi a gaban jami'in jarrabawa, sannan shi ma ya yi da hannunsa. Saura 9,000.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Hazo ya sauka. An ɗinka wa kwamfutoci rigunan atamfa daga ragowar yadi, kyauta.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Shugabannin sashe sun fara duba. Na koya musu kunna bin sawun gyara, wanda ke nuna abin da aka soke da abin da aka ƙara da launi, da sunan mai gyaran a gefe. Malamai sun karɓe shi fiye da yadda na zata, don a da sai dai mutum ya ga an canza masa tambaya a zauren jarrabawa. Yanzu yana gani, yana iya zuwa ya kare tambayarsa.

Nan wasu ƙananan abubuwa suka fito. Gyaran da aka yi a kwamfuta ta 2 da ta 4 na nuna shekarar 2012, saboda ɗan batirin agogon da ke cikinsu, CR2032, ya mutu. Duk fayil ɗin da aka fara a kansu aka kwafo shi ma da tsohon kwanan wata yake zuwa, sai a zaci shi ne tsoho. Batir biyu, naira 1,000. Sai girman takarda: wasu fayilolin a kan ma'aunin Amurka suke, wanda ya fi A4 gajarta da ɗan faɗi, shi ya sa shafi ke zamewa wajen bugawa. Ita kuma mai LibreOffice tana buɗe fayilolin Word, tana kuma gargaɗi in wani na riƙe da su, amma jadawali da alamomin lissafi kan ɗan gusa. Mun bar ta ga darussan da rubutu ne zalla. Na yi takardar samfuri guda, A4, Times New Roman 12, da kan takardar makaranta, na kulle ta karatu kawai, kowa ya fara daga ita.

Abin da ban sassauta a kai ba: amsoshi ba sa zama fayil ɗaya da tambayoyi, kuma wanda ya gama ya fita daga sunansa kafin ya tashi. Jiya na tarar da wata kwamfuta a ɗakin kwamfuta a buɗe da sunan wani sashe, 'yan JS1 na shirin shigowa darasi. Na sa kowacce ta kulle kanta bayan minti 5 in ba a taɓa ta ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Ɗakin malamai ya yanke. Na'urar gwaji ta nuna fitila 3 ba sa kamawa. Kafinta ya hau silin da tocila ya sauko da guntun waya a tattaune, ɓera ya cinye robar har ya yanke sili. Jiya Lahadi da ma na shiga kasuwar Gujungu na ga bututun roba na wayarin, sai na aika aka sayo, naira 6,500. Ragowar wayarmu mita 24 ce, ta isa a ja sabuwa gaba ɗaya ba tare da ɗauri ba. Wannan karon ta bango muka bi, cikin bututu. Bututun bai isa layin ofishin jarrabawa ba, shi yana nan tsirara a silin, kuma shi ne mai zuwa uwa. Baba maigadi ya ce zai kawo kyanwarsa ta riƙa kwana a ɗakin.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Jami'in jarrabawa na karɓar duk gyare-gyare, ya tabbatar babu sauran sharhi a gefe, ya mayar da takardar PDF, ya sa a Na Bugawa. Daga PDF kaɗai ake bugawa, don shi ba ya gusawa kowace kwamfuta aka buɗe shi. Malami na zuwa ya karanta shafin farko da aka fitar ya sa hannu kafin a kai a yi kwafi da yawa.

Asabar, 6 ga Disamba

An yi makon farko na jarrabawa, ba a dawo da takarda ko ɗaya ba saboda an buga kwafin da ba shi ba. Malamai 13 sun yi aikinsu a folda tun daga farko. Uku har yanzu da hannu suke rubutawa su ba da a buga musu, sai dai gyaran sun zo sun duba a allo.

Lissafi: an kashe 118,500, saura 1,500, na miƙa wa ma'ajin ƙungiyar iyaye da malamai tare da rasitai.

Abin da ke gaba a zango na biyu, in Allah ya kai mu. Uwa da suwic na bukatar ƙaramin batirin riƙe wuta nasu, don ko inbata ta ɗauke a sami damar adanawa a rufe. Layin ofishin jarrabawa a sa shi cikin bututu tun cikin hutu. Ma'ajiyar waje na ɗaki ɗaya da uwa, in gobara ko ɓarawo ya zo duka zai haɗa, saboda haka ina son ta biyu da za ta riƙa kwana a wani wuri ana sabunta ta duk Juma'a. Malamai masu laftof sun nemi a sa rauta su riƙa shiga ba waya. Na ce a dakata tukuna, don siginar za ta kai har ajujuwa, sai mun zauna da shugaban makaranta a kan wanda zai riƙe kalmar sirrinta.

Mataimakin shugaba na son a sa takardun sakamako su ma a folda. Wannan ya fi tambayoyi wuya, domin aji ɗaya malamai 9 ko 10 ke shigar masa da maki, duk a mako ɗaya, kuma fayil ɗaya ba zai ɗauke su lokaci guda ba. Tunanina kowane darasi da fayil ɗinsa, malamin aji ya tattara. Zan gwada da JS1 kawai a cikin hutu, tare da jami'in jarrabawa, ranar Talata bayan an rufe makaranta.